Rantsuwa a Kan Ɗan Gundumi

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ne Halilu, mai awon hatsi a kasuwar Ƙaura Namoda, ya kai ƙarar Sodangi kotu a kan gona. Gonar tana Banga, bakin fadama, baƙar ƙasa ce mai riƙe danshi, kuma ta mahaifin Halilu ce. Wata shekarar yunwa tsohon ya ba mahaifin Sodangi aronta, don maƙwabci ne mai iyali da yawa. Tsofaffin biyu suka rasu, Sodangi ya ci gaba da nomansa, da aka taɓa shi da maganar sai ya buɗe baki ya ce ai kyauta ce. Halilu ya daɗe yana haɗiye abin. Da ya ji ana cewa yanzu alƙali ba ya duban fuskar kowa, ya ce to madalla, lokaci ya yi.

Shaidarsa guda ɗaya ne tak, Abdulhadi direba, mai jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi, abokinsa tun suna yawo ba wando. Yana saurayi lokacin, yana zaune a zauren sa'ad da aka yi maganar aron. Akwai wani dattijo da shi ma ya ji, amma ya daɗe da komawa Nijar, ba wanda ya san ko yana da rai. A zaman farko alƙali ya yi wa Halilu bayani dalla-dalla: a sha'anin dukiya, shaida ɗaya in adali ne, aka haɗa da rantsuwar mai ƙara, ya wadatar. Wato gonar nan ta rataya a kan abu biyu, bakin Abdulhadi da rantsuwar Halilu. Aka ɗaga zama zuwa gab da faɗuwar damina.

To, a tsakanin nan ne shirme ya shigo.

Tun da aka rufe gidajen kallo, maza suka rasa abin yi bayan La'asar. Sai ga kaset ɗin wani mutumin Jangeru da ake kira Tsoho. Ba kiɗa ba waƙa, labari ne zalla, don haka ba mai hanawa. Tsoho kuwa baki gare shi, in ya fara sai mai shayi ya manta da ruwa a kan wuta. Jarumai biyu ya ƙago. Ɗaya Ɗan Gundumi, maharbin daji wanda kibiyarsa ba ta taɓa dawowa da yunwa ba. Ɗayan Magajin Gulbi, masunci, wanda ƙarfe ba ya cin jikinsa muddin akwai jiƙa a ƙafarsa. Kowane da nasa kaset-kaset, kowane da nasa mutane, kuma ba a taɓa haɗa su a labari ɗaya ba. Ka san halin mutanenmu. Majalisar da ke ƙarƙashin dogon yaro kusa da tasha ta rabe biyu, magidanta masu furfura suna tada jijiyar wuya a kan mutanen da ba a taɓa haihuwa ba.

Halilu na Ɗan Gundumi ne har cikin ƙashinsa. Abdulhadi kuwa ba ya jin kira sai na Magajin Gulbi.

"Kibiya mi za ta yi wa wanda ƙarhe bai ci?" in ji Abdulhadi.

"A tudu za a yi ta! Ina zai ga ruwa a tudu? Ko da tulu zai taho?"

"Ai gumi ma jiƙa ne."

"Gumi! Ku ji wani zance don Allah!"

Haka suke yi kullum, a watse ana dariya, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Ran nan Halilu ya je kasuwar Zurmi sarin dawa, sai ya tarar mai kaset ya ƙure murya, mutane sun yi masa zobe. Tsoho ya haɗa jaruman! Halilu ya saya nan take, ya saurara har ƙarshe a rediyonsa. Ɗan Gundumi ya ja Magajin Gulbi da dabara har kan dutse, ya bari rana ta busar da shi, sannan ya sakar masa kibiya a maƙogwaro. Murna wajen Halilu ba a magana, ko dawar bai tsaya ya taya da kyau ba.

Ya iso majalisa yana taku ɗai-ɗai. Kafin ya zauna, Sodangi, wanda da can ba ya cika zama a wurin amma kwanan nan ya mayar da shi gida, ya ce, "Yauwa, ga Halilu. Abdulhadi, maimaita mashi abin da kaj jiyo a Shinkahi."

Abdulhadi ya gyara zama yana murmushi. "An gama, abokina. Na ji sabon kaset a tasha. Magajin Gulbi ya ja mutuminka cikin ruwa, ya danne shi har ya daina motsi. Bakan ma ya karya shi biyu."

Halilu ya ciro kaset daga aljihu, ya sa a rediyo, aka saurara. Muryar Tsoho ce, ba tantama, kuma Magajin Gulbi ne ya faɗi. 'Yan Gundumi suka kaure da sowa. Abdulhadi bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi ba haka na ji ba. Da kunnena na ji."

"To kunnen naka ya tsuhwa," in ji Halilu.

Aka yi ta tsokanarsa, ya tashi ya tafi ransa a ɓace.

Da a nan abin ya tsaya, da lafiya lau. Amma Halilu mutum ne mai juya magana a ciki, kuma tun da ya shigar da ƙarar nan ya zama ko gaisuwa aka yi masa sai ya duba ƙarƙashinta. Ya koma gida yana ta saƙe-saƙe. Abdulhadi ya ce wallahi, idonsa ko ƙyaftawa bai yi ba, a kan abin da kowa ya ji ba haka yake ba. Mutumin da zai iya wannan a kan tatsuniya, me zai yi a gaban alƙali? Kuma me ya kawo Sodangi cikin zancen? Yaushe suka saba har yake kiran sunansa haka gatsau?

Ya faɗa wa matarsa Ladidi. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, wai kai da hankalinka? Mutanen kaset ne fa."

"Ba kaset nike duba ba, hali nike duba."

"Halin Abdulhadi yau za ka hwara saninsa? Wa ya kai ni asibiti haihuwar Muhsina kana Zurmi?"

"Wancan daban."

"To Allah ya sawwaƙe."

Bai sawwaƙa ba, don Halilu bai bari ba. Ya fara sa ido. Wata safiya ya hangi Sodangi a gidan gaba na motar Abdulhadi, suna hira. Direba dai ai kowa yake ɗauka, amma zuciyar Halilu ta ce a'a, ga shi nan. Wata rana ya ga an sauke wa Abdulhadi dami biyu na karan dawa a ƙofar gida, ya bi diddigi har ya ji daga wajen Banga aka kawo. Rabin garin Ƙaura daga Banga suke samun kara, amma wa zai gaya masa? Ko da Abdulhadi ya zo rumfarsa ya ce, "Yaushe ne zaman namu, kar in ɗauki lodi ranar?" sai Halilu ya ji tambayar ta yi masa wani iri. Me ya sa yake son sani? Wa zai kai wa?

Ranar da abin ya fashe, majalisa ta cika fiye da kullum. Abdulhadi ya zo da nasa kaset, ya sayo a Shinkafi don ya wanke kansa. Aka sa. Muryar Tsoho ce, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin wurin faɗa. Labarin ya tafi daidai da na Halilu har zuwa inda jaruman suka haɗu, daga nan ya karkata. Magajin Gulbi ya yi kamar ya gudu, Ɗan Gundumi ya bi shi har bakin ruwa, shi ke nan. Mutane suka dubi Halilu, suka dubi Abdulhadi.

Sodangi ya ce a hankali, "Ikon Allah. To ai ɗaya daga ciki na jabu ne. Sai dai a san wa yay yi."

"Wa yay yi kuwa?" Halilu ya miƙe tsaye. "Nawa na riga kawowa! Wanga an ba wani kwaikwayo ne ya yi muryar Tsoho. Kuma na san wanda ya biya!"

"Halilu, zauna," in ji Abdulhadi.

"Ba ni zama! Ka zaci ban gani ba? Gidan gaba, da karan dawa, duk na gani!"

"Karan dawa? Kai, lahiyarka ƙalau?"

Mai shayi ya riƙo rigar Halilu, ya fizge. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Na rantse da Allah, na rantse da Alƙur'ani mai girma, Abdulhadi maƙaryaci ne! Tun muna yara na san shi da ƙarya!"

Subhanallahi! Dattawan wurin suka hau salati. A wancan lokacin ko yaro ya san ba a wasa da irin wannan rantsuwa a bainar jama'a. Abdulhadi ya ciro kaset ɗinsa daga rediyo, ya sa a aljihu, ya dubi abokinsa kallo ɗaya ya wuce. Sodangi kuwa ya kurɓi shayinsa, ya dubi na damansa da na hagunsa ya ce, "Kun dai ji."

Wannan kalma ta Sodangi ta tsaya wa Halilu a rai, amma bai yarda ya yi kuskure ba. Ya ƙudura sai ya kawo hujjar da za ta rufe bakin kowa. Ya shiga motar Shinkafi, ba ta Abdulhadi ba, daga can ya hau kabu-kabu zuwa Jangeru. Ya tarar da Tsoho a ƙofar gida, ɗan siririn mutum, yana ba tumaki harawa. Halilu ya durƙusa ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, ya ƙare da cewa, "Baba, wasu na ɓata maka suna, suna kwaikwayon muryarka."

Tsoho ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, ba wanda ya kwaikwaye ni. Duk biyun ni na yi."

"Kai kuma, Baba?"

"Awo. Mutanen Zurmi ba su son a taɓa masu maharbinsu. Mutanen Shinkahi in ka kashe masu masunci, ba mai sake sayen kaset ɗinka. To mi zan yi? Na ba kowa abin da kunnensa ke so. Ban zaci za su haɗu gari ɗaya ba."

Halilu ya ji gumi ya karyo masa. Duk da haka, ka ji halin ɗan Adam, sai da bakinsa ya suɓuce. "To amma a gaskiya, Baba, wa zai ci wani?"

"A gaskiya? Ɗana, ina ka ga gaskiya a nan? Ku na Ƙaura ma ina shirya maku naku, ban dai san wanda kunka hi so ba."

A hanyar dawowa kunya ta rufe Halilu, irin wadda take sa mutum ya ji kamar kowa a motar ya san abin da ya yi. Ya je gidan Abdulhadi aka ce ya yi lodi. Ya sake komawa, aka ce yana ciki amma ba ya jin daɗi. Ya aika Ladidi wajen matarsa, ta dawo ta ce an karɓe ta hannu bibbiyu, an ba ta fura, amma da ta ɗauko zancen sai aka shiga hirar tsadar manja. Halilu ya sallama. Ya tabbata ranar zama shi kaɗai zai tsaya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da aka koma kotu. Halilu yana shiga ya ga Abdulhadi zaune a benci, cikin farar riga, hannu a kan gwiwa. Abdulhadi bai dube shi ba. Da aka kira shi ya tashi ya faɗi abin da ya sani tiryan-tiryan: zauren, tabarmar da aka zauna, da yadda mahaifin Halilu ya ce aro ne har Allah ya kawo sauƙi, mahaifin Sodangi ya amsa da godiya. Bai ƙara ba, bai rage ba. Halilu ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko.

Alƙali, dattijo mai sanyin murya, ya juya ga Sodangi kamar yadda aka saba. "Kana da suka a kan wannan shaida?"

"Allah gafarta Malam, ni ba ni da suka. Wanda ya kawo shi ne ya soke shi. A gaban jama'a ya rantse da Alƙur'ani cewa mutumin ga maƙaryaci ne tun suna yara. Waɗanda sunka ji suna waje."

Aka shigo da mutum biyu, suka tabbatar, ɗayansu ma mai shayi ne, yana magana yana kallon ƙasa.

"A kan me aka yi rantsuwar?" in ji alƙali.

Mai shayi ya ce, "A kan Ɗan Gundumi da Magajin Gulbi ne, Allah gafarta Malam."

"Su waye su? Suna cikin ƙarar?"

"Mutanen kaset ne."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ɗan sanda ya tsawatar. Alƙali bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana duban Halilu.

"Malam Halilu, ka sa ni a tsaka mai wuya, ka sa kanka. Ƙararka a kan abu biyu take tsaye, shaidar wannan bawan Allah da rantsuwarka. In rantsuwar da ka yi gaskiya ce, shaidarsa ta faɗi, sai in ba ka lokaci ka nemo wani shaidar, ƙararka tana nan da ranta. In kuwa ba gaskiya ba ce, shi ya kuɓuta, amma ni ba zan miƙa Alƙur'ani ga wanda ya rantse da shi a kan ƙarya don tatsuniya ba. Sai in juya rantsuwa ga wanda gonar take hannunsa, a gama yau. Wanne ne?"

Halilu ya ji kotun ta yi masa ƙunci. Dattijon Nijar ya faɗo masa a rai. Wa ya sani, ko yana da rai? A bi ta Shinkafi a tsallaka, a yi ta tambaya, mai yiwuwa a dace. Kalma ɗaya kawai zai faɗa. Ya tuna gonar, da yadda mahaifinsa yake tsayawa a kan kunya da yamma yana duban dawa. Ya saci kallon Sodangi, ya ga ya natsu ƙwarai, natsuwar wanda ya san ko ta ina aka bi shi ne da riba. Shin shi ya kitsa abin tun farko, ko kuwa tsintar dami ya yi? Har yau Halilu bai sani ba. Sannan ya dubi Abdulhadi. Yana tsaye inda aka bar shi, ya zo ba a roƙe shi ba, kuma in aka fita da sunan maƙaryaci a kansa daga bakin alƙali, ba mai sake karɓar maganarsa a garin nan, ko a ɗaurin aure.

"Allah gafarta Malam," in ji Halilu. "Abdulhadi bai taɓa yi mani ƙarya ba. Ko sau ɗaya. Ni na yi rantsuwar banza."

"Ka san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani."

Alƙali ya yi masa nasiha mai zafi a kan tuba, sannan ya sa Sodangi ya yi alwala. Sodangi ya ɗauki Littafi ya rantse cewa shi dai a saninsa kyauta ce, haka ya ji daga mahaifinsa. Aka tabbatar masa da gona.

A waje iska ta taso, ƙamshin ruwa ya cika gari. Abdulhadi ya zo zai wuce, sai ya tsaya, bai juyo sosai ba.

"Na ji abin da kac ce."

"Abdulhadi, don girman Allah..."

"Ba nan ka zage ni ba. A majalisa ka zage ni, can za ka maimaita."

"Zan maimaita. Yau ɗin nan."

Abdulhadi ya gyaɗa kai. Ya nufi tasha.

Halilu ya taka har gida, yayyafi ya fara sauka. Ya tarar da Ladidi a rumfa ta baje tabarma, ta sauko da zangarniyar dawar da ya ware tun kaka, manya-manya zaɓaɓɓu, ta sussuke ta cika ƙwarya, tana tsince tsakuwa. Ta ɗago da fara'arta.

"Ka ga ruwa ya zo daidai. Na ce bari in shirya irin, in an ba mu gobe sai Banga. Ya aka yi?"

Ya tsaya a bakin rumfar, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Ya daɗe yana duban ƙwaryar.

"Ki surfe shi," ya ce. "A yi tuwo."